Wa Ya Tsaya a Hanyar Yariko?

  Iyayenmu mata da ke tsakar gida kuna tankaɗe, sannunku da aiki. Direbobi da ke kan hanya, Allah ya kai ku lafiya. Wanda ke kwance a asibiti da rediyo kusa da kunne, Allah ya ƙara sauƙi.

Yau zancenmu a kan baƙo ne. Baƙon da nake nufi shi ne mutumin da ba ka san sunansa ba, ba ka san garinsu ba, ga shi kuma a gabanka cikin wahala. Me bangaskiyar Kirista ta ɗora maka a kansa? 'Yan'uwanmu Musulmi da ke sauraro, ku ma ku matso kusa, domin akwai labarin wani limami a cikin shirin nan.

Za mu fara da wani misali da Yesu Almasihu ya bayar. Daga nan mu leƙa tarihi kaɗan. Sai mu dawo gida Nijeriya. A ƙarshe mu yi maganar abin da za ka yi da hannunka idan ka tarar da mutum kwance a bakin titi.

To, bari mu fara da misalin. Yana cikin Bishara ta Luka, sura 10, daga aya 25 zuwa 37. Mai Littafi Mai Tsarki a kusa ya buɗe, mu tafi tare.

Wani masanin Attaura ne ya tashi don ya gwada Yesu. Masanin Attaura, wato malamin da ya ƙware a shari'ar Musa. Ya yi tambaya a kan rai madawwami. Yesu ya mayar masa da tambayar, shi kuma ya amsa daidai: a ƙaunaci Allah, a ƙaunaci maƙwabci. Da ya tsaya a nan, da an rabu lafiya. Sai ya ƙara da cewa a nuna masa wane ne maƙwabcin.

Ku lura da wannan tambaya. Iyaka yake nema. Yana so a ja masa layi a ƙasa, a ce daga nan zuwa nan naka ne, wanda ke bayan layin babu ruwanka da shi. Mu ma haka muke so. Ɗan unguwarmu, ɗan cocinmu, ɗan yarenmu. Sauran kuwa Allah ya ba su nasu mai taimako.

Yesu bai ja masa layi ba. Labari ya ba shi.

Wani mutum ya tashi daga Urushalima zai gangara Yariko. Ina so ku ga hanyar nan da idon zuciya. Tsawonta kimanin kilomita 27 ne, tafiyar yini guda a ƙafa. Urushalima tana kan tudu, wajen mita 750 sama da bakin teku. Yariko kuwa tana cikin kwari, wajen mita 250 ƙasa da bakin teku. Gangaren mita 1,000 ke nan, cikin duwatsu da kwazazzabai, babu gari, babu inuwa, kwana bayan kwana. Wuri ne da ɓarawo zai laɓe ba ka gan shi ba sai ya dira a gabanka. Masu sauraron Yesu sun san hanyar. Kamar yau a ambaci wata hanyar da direba ba ya yarda ya bi ta bayan la'asar. Kowannenmu ya san irinta.

'Yan fashi suka tare mutumin. Suka tuɓe shi, suka yi masa dūka, suka bar shi rai a hannun Allah.

Ku riƙe wannan: sun tuɓe shi. A wancan zamani, kamar yanzu, da tufafi da harshe ake gane mutum. Ka ga hula, ka ji lafazi, ka ce wannan namu ne, wancan nasu ne. To ga mutum babu riga, bakinsa ba ya motsi. Babu yadda za a yi ka san ko na wa ne. Abin da ya rage a jikinsa kawai shi ne cewa ɗan Adam ne, kuma jini na zuba.

Sai ga firist, wato mai hidima a Haikali. Ya gan shi, ya ratse ta ɗaya gefen. Sai ga Balawe, wato mai taimakon firistoci a aikin Haikali. Shi ma ya gan shi, ya ratse.

Kada mu yi saurin zaginsu. Suna da hujja. Shari'a ta ce wanda ya taɓa gawa ya ƙazantu har kwana 7, kuma an fi tsananta wa firist. Idan mutumin nan ya riga ya cika fa? Sannan ga tsoro. Wa ya sani ko 'yan fashin suna bayan dutse, sun bar shi a matsayin tarko? Yesu dai bai faɗi dalilinsu ba. Abin da ya faɗa shi ne sun gani, kuma sun wuce. Sun gani, sun wuce.

Bari in gaya muku wani abu da ya faru da ni, domin ba na so in yi magana kamar wanda ke tsaye a kan tudu. Wata safiyar Asabar ina cikin motar haya, zan je wani taron ikkilisiya inda aka sa ni yin jawabi. Muka zo wata kwana, sai ga babur a kife, tayarsa ta baya tana ta juyawa. Saurayi na kwance a gefen kwalta. Takalminsa ɗaya, silifa shuɗi, yana tsakiyar titi. Buhun tumatirin da ya ɗauko ya fashe, ba ka iya bambance jan tumatir da jan jini. Direba ya rage gudu. Wata mata ta ce wayyo Allah. Wani ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto ta taga. Ni kuma na dubi agogo. Direba ya ce, "Idan muka tsaya, a ofishin 'yan sanda za mu kwana." Babu wanda ya musa masa. Ni ma ban musa ba, ga Littafi Mai Tsarki a kan cinyata. Na isa taro a kan lokaci, na yi jawabina, aka tafa. Har yau silifan nan shuɗi bai bar idona ba. Saboda haka idan na karanta labarin firist da Balawe, na san kujerar da nake zaune a kai.

Mu koma ga misalin. Mutum na uku ya iso. Masu sauraro suna jiran su ji an ce wani talaka Bayahude ne. Sai Yesu ya ce Basamariye.

A nan sai na yi bayani, domin mu yau kalmar Basamariye ta zama yabo a kunnenmu. A kunnen Bayahuden wancan lokaci kuwa kusan zagi ce. Samariyawa suna zaune tsakanin Yahudiya da Galili. Littattafan Musa biyar kaɗai suka karɓa. Sun ce a Dutsen Gerizim ya kamata a yi sujada, Yahudawa suka ce a Urushalima. Fiye da shekara 100 kafin haihuwar Almasihu, wani shugaban Yahudawa ya rushe haikalinsu da ke kan dutsen. Gaba ce ta addini, ta ƙabila, ta jini, an gāje ta kaka da kakanni. Ku duba sura 9 ta Luka ɗin nan, sura ɗaya kacal kafin misalin. Wani ƙauyen Samariyawa ya hana Yesu masauki. Almajiransa biyu, Yakubu da Yahaya, suka nemi izini su kira wuta daga sama ta cinye ƙauyen. Yesu ya tsawata musu. To daga cikin mutanen da suka hana shi wurin kwana ya ɗauko gwarzon labarinsa.

Basamariyen ya ga mutumin, tausayi ya kama shi. Kalmar da Luka ya rubuta da Helenanci tana da alaƙa da kayan ciki. Mu Hausawa idan tsoro ya kama mutum mukan ce hanjinsa ya kaɗa. Su kuma da tausayi suke faɗin haka. Tausayin da ke juya maka ciki har ka kasa ɗaga ƙafa ka wuce. Sau uku Luka ya yi amfani da kalmar. Sau ɗaya a kan Yesu, da ya ga gwauruwar garin Nayin za a binne tilon ɗanta. Sau ɗaya a kan uban da ya hango ɗansa ɓatacce yana dawowa. Sai kuma a kan wannan Basamariye.

Yanzu ku ƙirga abin da tausayin ya ci masa. Ya sauka daga dabbarsa a wurin da ake fashi. Ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, su ne maganin da matafiyi ke da shi, ɗaya ya wanke, ɗaya ya sanyaya. Ya ɗaure. Ya ɗora shi a kan dabbar, shi kuma ya taka a ƙasa. Ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa. Da gari ya waye ya ba mai masaukin dinari biyu. Dinari ɗaya shi ne ladan ɗan ƙwadago na yini guda. Ladan kwana biyu ke nan. Bai tsaya nan ba. Ya ce duk abin da aka kashe a kai, a rubuta a kansa, zai biya idan ya dawo. Ya ɗauki bashin da bai san iyakarsa ba saboda mutumin da bai san sunansa ba.

Kuma ku tuna, Basamariye ne ya shigo da Bayahude jina-jina cikin yankin Yahudawa. Wa kuke tsammani za a fara tuhuma?

Da Yesu ya gama, sai ya juya tambayar. Masanin ya tambayi wane ne maƙwabcinsa. Yesu ya tambaye shi, cikin ukun nan wa ya zama maƙwabci ga wanda aka yi wa fashi. Kun ji bambancin? Na farko yana neman wanda ya cancanci taimako. Na biyu yana tambayar ko kai ka matsa kusa. Masanin ya amsa, amma bakinsa bai iya furta sunan Basamariye ba. Ya ce wanda ya ji tausayinsa. Yesu ya sallame shi da umarnin ya je ya aikata haka.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan hakkin baƙo a wuyan Kirista. Mun gama da misalin Basamariye. Yanzu ga tarihi a taƙaice.

Wannan koyarwa ta girmi zamanin Luka. A Littafin Firistoci sura 19 an umarci Isra'ilawa su ƙaunaci baƙon da ke zaune a cikinsu kamar kansu, domin su ma sun yi baƙunci a Masar. A surar nan kuma aka hana manomi girbe gonarsa ƙaƙaf. Ya bar gefe-gefe, ya bar abin da ya zuba, domin matalauci da baƙo. Manomanmu sun san wannan, shi ne kala. Da kala Rut ta rayu, gwauruwa 'yar ƙasar Mowab, baƙuwa a Baitalami. Sarki Dawuda tattaɓa-kunnenta ne. Yesu kansa yana jariri aka gudu da shi Masar, ya yi zaman gudun hijira. A Matiyu sura 25 kuma ya ce a ranar shari'a zai ɗauki abin da aka yi wa mayunwaci, da baƙo, da marar lafiya, da ɗan kurkuku, a matsayin shi aka yi wa. Mu a Hausa muna cewa baƙonka annabinka. Kirista ya kamata ya fi kowa jin nauyin wannan magana.

Kiristocin farko sun ɗauki abin da gaske, har maƙiyansu suka shaida. A shekara ta 362 Sarkin Rum Yuliyan, wanda ya bar addinin Kirista ya koma bautar gumaka, ya rubuta wa wani babban firist ɗinsa yana ƙorafi. Abin da ya dame shi shi ne Kiristoci suna ciyar da matalautansu, suna kuma ciyar da na masu bautar gumaka. Bayan 'yan shekaru aka yi yunwa a Kafadokiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Wani Kirista mai suna Basil na Kaisariya ya sayar da gādonsa ya ciyar da jama'a. Daga baya ya gina wata unguwa a bayan gari, da masaukin baƙi, da wurin jinya, har da na kutare. Masana tarihi suna lissafa ta cikin asibitocin farko a duniya.

To mu dawo gida. Wannan shi ne kashi na uku.

A ƙarshen watan Oktoba na 2014 Boko Haram ta kama garin Mubi. Jama'a suka kwararo Yola, wasu a ƙafa, ta daji, da yara a goye. Bishop Stephen Dami Mamza na cocin Katolika ya buɗe harabar babban cocin Saint Theresa. Dubban mutane suka kwana a can, aka ciyar da su. Akwai Kirista, akwai Musulmi. Da ƙura ta lafa, da yawa suka koma gida. Wasu kuwa ba su da inda za su koma. Aka gina musu gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin ƙaramar hukumar Girei, aka buɗe a 2021. An gina makaranta, an gina coci. An kuma gina masallaci saboda Musulmin da ke cikinsu. Wasu Kiristoci sun yi gunaguni a kan masallacin. Ni a ganina bishop ɗin ya karanta Luka sura 10 daidai. Basamariye bai ce sai wanda ya ɗauka ya koma sujada a Gerizim kafin ya biya masa kuɗin masauki ba.

Ga kuma labarin da na yi muku alkawari. Ranar 23 ga Yuni, 2018, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato. Mutane suka gudo ƙauyen Nghar, yawancinsu Kiristoci. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo ne mai shekara 83 a lokacin. Ya shigar da mata cikin gidansa, maza cikin masallaci. Maharan suka zo suka ce ya fito da su. Ya ƙi. Ya tsaya yana roƙonsu, ya ce su kashe shi a maimakonsu. Mutum 262 aka lissafa sun tsira ta hannunsa. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi.

'Yan'uwana Kiristoci, ku saurare ni da kyau a nan. Mun saba karanta misalin nan muna sa kanmu a matsayin Basamariye. A Nghar mu ne muke kwance a bakin hanya. Wanda ya tsaya kuwa mutum ne da wasunmu aka koya musu su ji tsoronsa. Haka Yesu ya tsara labarin tun farko, domin mai sauraro ya ɗanɗani yadda ake karɓar jinƙai daga hannun da bai zata ba. Wanda aka taɓa ɓoye shi a masallaci, da wane baki zai tambayi addinin mai neman mafaka a ƙofarsa?

Na san abin da wani ke faɗa a ransa yanzu. Malam, zamani ya lalace. Ka tsaya taimako a yi garkuwa da kai. Ka kai mutum asibiti a riƙe ka. Ka sauki baƙo ya zama ɗan leƙen asiri. Gaskiya ne, duk suna faruwa. Ba zan ce uwa mai 'ya'ya ta buɗe ƙofa da tsakar dare ga wanda ba ta sani ba. Ba zan ce direba ya tsaya shi kaɗai a dajin da aka san ana tare hanya ba. Allah ya ba mu hankali. Amma tsakanin ka jefa kanka cikin haɗari da ka wuce kamar ba ka gani ba, akwai fili mai faɗi. A cikin filin nan yawancin aikin yake.

Wannan ya kawo mu kashi na ƙarshe. Me za ka yi? Mai biro ya ɗauko.

Idan hatsarin mota ne, kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122. Kyauta ne. Na sake faɗa, 122. Akwai kuma lambar gaggawa ta ƙasa, 112. Wayar da za ka ɗauki hoto da ita, yi kira da ita. Faɗi sunan hanyar da garin da ke kusa.

Idan ka tsaya, kada ka tsaya kai kaɗai. Kira mutum biyu ko uku su zama shaida, su kama maka. Idan jini na zuba, sami tsumma mai tsabta ka danne wurin da ƙarfi, kada ka ɗaga. Kada a zuba ƙasa, ko fetur, ko baƙin mai a kan rauni. Wanda ya suma, kada a ɗura masa ruwa a baki, zai iya shaƙewa. Wanda ake zaton ya bugu a wuya ko gadon baya, kada a fizge shi, a ɗauke shi a miƙe, kai da jiki tare.

Game da tsoron hukuma, ku san hakkinku. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar jinyar gaggawa. Wata doka ta 2017 ta wajabta wa asibitoci su yi jinyar wanda aka harba da bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo shi. Ba ko'ina ake bin dokokin nan ba, na sani. Amma wanda ya san da su ya fi ƙarfin magana a bakin ƙofar asibiti. Ma'aikatan jinya da 'yan sanda da ke saurarenmu, ku ne masu masaukin wannan zamani. Idan kuka wahalar da wanda ya kawo majinyaci, gobe mutum goma za su wuce ba su tsaya ba.

Sannan ba kowane baƙo ne ke kwance cikin jini ba. Akwai tsohuwar da aka yanke wa jaka a tasha, tana zaune a kan ƙullin kayanta har magariba. Akwai ɗan gudun hijirar da ya kama ɗaki a bayan gidanku, yaransa ba sa zuwa makaranta. Akwai majinyacin da ke gadon kusa da na ɗan'uwanki, wanda tun da kike kai abinci ba ki taɓa ganin kowa a wurinsa ba. Ƙara ludayi biyu a kwanon. Zumuntar mata, ku da kuka iya haɗa gudummawar biki cikin mako guda, ku ware wani abu domin wanda ba ɗan cocinku ba. Dattawan ikkilisiya, ku duba littafin baiko. Nawa aka kashe wa gini bara, nawa aka kashe wa baƙo? Manomi, idan ka zo girbi, bar kala.

Kada kuma a ɗauki hoton wanda aka taimaka a watsa a Facebook. Yunwa ta ishe shi, kada a ƙara masa da kunya.

Lokacinmu ya ƙare, jama'a. Kafin ku kwanta yau, ku karanta Luka sura 10 tare da yaranku, ku bar su su yi tambaya. Ku kuma ɗauki waya yanzu ku adana lambobin nan biyu, 122 da 112. Direbobi, idan fasinja ya ce a tsaya a duba wani, ku saurare shi. Fasinjoji, idan direba ya yi shiru, wani a cikinku ya buɗe baki.